Je Ka Ƙaryata, In Ji Onarabul

Ni karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, don haka mai neman Hausa mai kwalliya ya nemi wani littafin. Abin da na iya shi ne magana. Da ita na ci abinci a Kara wajen dillancin shanu, da ita na ci a siyasa, ita ce kuma ta zaunar da ni inda nake yau.

Mutumin da zan ba da labarinsa ba zan kama sunansa ba. Onarabul muke ce masa, har matarsa ma haka take ce masa. Benci ɗaya muka zauna da shi a firamare a nan Wudil. Shi ƙwaƙwalwa gare shi, ni baki. In manyan yara sun tare shi a hanyar kogi, ni nake shiga gaba in yi ta zuba har su gaji su ƙyale shi. In jarrabawa ta zo, shi yake karkato min da takardarsa. Da mahaifinmu ya kwanta ciwo na bar makaranta na shiga Kara. Shi ya wuce kwalejin horon malamai, ya dawo aka tura shi koyarwa Dagumawa. A keke yake zuwa, da ƙafar wando ɗaure da roba. Duk Juma'a in kasuwa ta tashi zai neme ni, mu gangara bakin gada mu sayi soyayyen kifi, mu ci a takarda ɗaya.

Da aka buga gangar siyasa ya ce zai nemi kansila, dariya na yi masa. Mutumin da in ya ga taro muryarsa rawa take yi, in kuma ya daure ya fara magana sai ka ce darasi yake bai wa 'yan aji uku. Amma na ɗauke shi a babur ɗina. Lajawa, Utai, ƙauyukan da in damina ta zauna sai ka sauka ka tura babur ɗin a taɓo, duk mun shiga. Ni nake fara miƙewa in ba mutane dariya, in zagi wanda ya kamata a zaga, in wuri ya yi zafi sai in miƙa masa. Ya ci kansila. Bayan wasu shekaru jam'iyya ta tsayar da shi majalisar jiha, ya ci, aka sake zagayowa ya kuma ci. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi aiki. Ya haƙa rijiyoyin burtsatse, ya rufa azuzuwan da iska ta yaye, akwai 'ya'yan talakawa da ya tsaya musu suka shiga jami'ar nan ta garinmu. Wannan kam ya yi.

Ni kuma na zama sojan bakinsa. Wanda ba ɗan Kano ba ne wataƙila bai san wannan sana'a ba. Manya ba sa zagin juna da bakinsu, mu suke ajiyewa don haka. Da hantsi za ka hau mota ka shiga birni, ka je gidan rediyo, ka zauna a benci kana jiran layi. In an kira ka sai ka shiga wani ɗan ɗaki mai sanyi, a sa maka abin magana a gaba, a naɗi muryarka na 'yan mintuna. Ba a lokacin ake sakawa ba. Sai bayan magariba, a kuma maimaita washegari da safe. Mu da sojojin ɗaya jam'iyyar benci ɗaya muke zama, mu raba goro, kowa ya shiga ya yaga maigidan ɗan'uwansa, mu fito mu tambayi lafiyar iyali.

Mutane suna zaton na tara abin duniya. Ban tara ba. Gidan gado nake ciki har yau. Abin da na samu wuri ne. A motar Onarabul kujerar bayan direba tawa ce, ko kwamishina ne ya shigo sai dai ya zauna gefe. Mai gadin gidansa bai taɓa tambayata wajen wa na zo ba. Da safe kafin a buɗe wa jama'a ƙofa, ni da shi muke shan shayi a falon ciki, ya cire hula ya ajiye, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Mutumina, me gari yake cewa?" Duk faɗin garin nan ni kaɗai nake ganin kansa ba hula. Wannan wurin shi ne dukiyata, kuma a kansa na yi duk abin da na yi.

Har da abin da na yi wa Yayana.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Gida ɗaya, zaure ɗaya, sashensa da nawa katanga ce kawai a tsakani. Shi tun farko a ɗaya jam'iyyar yake, har ya zama shugabanta na mazaɓarmu. Da farko abin wasa ne. Kullum da yamma kowa zai fito da kwanonsa zaure mu ci tare, ya tsokane ni in tsokane shi. Sai zaɓe na biyu ya zo da zafi, mutanensu suka fara cewa Onarabul ya karkatar da takin manoma. Aka ce in je in rama. Ba wanda ya ce in taɓa Yaya, ni na ga dama. Na shiga ɗakin nan mai sanyi na ce masu maganar taki su fara tambayar shugabansu na mazaɓa kaza me ya raba shi da aikin sito yana saurayi, buhu nawa ya ɓata, bijimin wa aka sayar aka rufa asiri. Bijimin mahaifinmu ne. Mu huɗu muka san maganar, biyu sun riga mu gidan gaskiya.

Bai zo ya same ni ba, bai aiko ba. Kwanonsa ne dai ya daina fitowa zaure. Bayan kwana kaɗan na ji ana dukan katanga, na leƙa na ga magini yana fasa masa ƙofa ta bayan gida, wajen kwata. Tun daga ranar ta nan yake shiga ta nan yake fita, shi da iyalinsa. Da na gaya wa Onarabul sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Zai huce. Ai kana da mu." Na yarda.

Ana tsakiyar zangonsa na biyu sai magana ta fara yawo wai zai sauya sheƙa. Wai sun ɓata da manyan jam'iyyarmu na birni, wai an gan shi a gidan wani jigo na can ɓangaren. Tun ana faɗa a rumfar mai shayi har ta kai ana tare ni a masallaci. Wata Litinin da safe na same shi a falo yana juya shayi da cokali.

Na ce, "Onarabul, maganar nan fa ta yi yawa. Wai za ka tsallaka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kai ma ka yarda?"

"Ni ban yarda ba. Amma jiya har liman sai da ya ja ni gefe."

"To je ka ƙaryata."

Na ce, "Wace iri? Mai ƙofa ko marar ƙofa?"

A nan sai na yi bayani, don a nan kuskurena yake. A sana'armu ƙaryatawa iri biyu ce. Akwai wadda ake bar wa ƙofa. Ka ce, "Har zuwa yanzu da nake magana maigida yana nan daram," ko ka ce, "A iya sanina babu wannan zance." In gobe abu ya juya, sai ka ce ai jiya ka faɗa, yau kuma yau ce. Akwai kuma wadda ake toshewa da rantsuwa, ba hanyar fita. Duk wanda ya daɗe a bencin nan ya san ba a yin ta biyun a kan ɗan siyasa, ko da ubanka ne.

Onarabul ya ɗago ya dube ni yana murmushi. Ya ce, "Mutumina, yaushe ka fara tambayata yadda za ka yi magana?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni na ɗauka amsa ce.

Washegari na shiga birni. A benci na tarar da wani tsohon sojan baka na ɗaya jam'iyyar, wani siriri mai haƙorin azurfa, mun shekara da shekaru muna zagin iyayen gidan juna. Ya ɓara goro ya miƙo min rabi.

Ya ce, "Ɗan Wudil, yau me aka aiko ka?"

Na ce, "Zuwa na yi in toshe muku baki."

Ya tauna goronsa ya ce, "Toshe dai, amma ka bar ɗan wurin shan iska. Ni na gaya maka."

Na ce masa ya riƙe shawararsa ya kai wa maigidansa. Da na shiga, ba zan yi ƙarya ba, daɗin bakina na ji. Na ce masu cewa Onarabul zai koma waccan jam'iyya mahassada ne, yunwa ce take damunsu. Na ce tun muna cin kifi a takarda na san shi. Na ce ɗan halak ba ya barin gidan da ya yi masa riga da wando ya koma gidan da ake zaginsa. Sannan na ce, "Na rantse da Allahn da ya halicce ni, Onarabul ba zai je ko'ina ba. In ya je, ku zo ranar Juma'a tsakiyar Kara ku aske min gemun nan a gaban shanu." Mai gabatar da shirin, wani matashi mai gilashi, har tafa min ya yi ta bayan madubi.

Na tsaya na yi azahar a birni, na sayo wa uwar 'ya'yana maganin ƙafa, na hau bas. Mun wuce Mariri kaɗan direba ya kunna labarai. Abu na farko da aka karanta shi ne, a zaman majalisa na yau kakaki ya karanta wasiƙar ɗan majalisa wane, yana sanar da ficewarsa daga jam'iyyarsa zuwa ɗaya jam'iyyar. Sunansa aka faɗa, har sau biyu. Wato lokacin da nake cikin ɗakin nan ina rantsuwa, wasiƙar tana kan teburin kakaki.

Mota ta kaure da surutu. Wani ya ce dama an faɗa. Wata tsohuwa ta ce su dai duk kanwarsu ɗaya. Wani a bayana ya ce, "To yau ina son in ji abin da mai bakin nan nasa zai ce." Fuskata ba kowa ya sani ba, muryata ce kowa ya sani. Sai na kama bakina. Ko da kwandasta ya tambayi inda zan sauka, da hannu na nuna masa.

Ina sauka a tasha na kira Onarabul, waya a kashe. Na kira mai gabatar da shirin.

Na ce, "Don girman Allah, abin da na yi ɗazu ka cire shi."

Ya kwashe da dariya. Ya ce, "Haba Baba, in cire? Ai da kai za mu buɗe shirin yau."

"Yaro, ni sa'an ubanka ne."

"Shi ya sa muke girmama maganarka, Baba. Ba za mu taɓa ko harafi ɗaya ba."

Haka kuwa suka yi. Bayan magariba ina ɗaki, suka fara sako muryar kakaki yana karanta wasiƙa, suna gamawa suka sako tawa ina rantsuwa. Matata ta miƙa hannu za ta kashe, na ce ta bari. Ko ta kashe ma aikin banza ne, don ta kan katanga ina jin muryata tana fitowa daga rediyon Yaya, daga ta maƙwabta, daga shagon mai caji a bakin layi. A waje ana ta ihu ana dariya. Daga sashen Yaya ban ji dariya ba. Ban ji komai ba sai ni.

Ta ce, "Malam, bai gaya maka ba?"

Na ce, "Kawo min ruwa."

Kafin Juma'a 'yan jami'a sun yanko wurin gemun sun sa a waya, sun haɗa da kukan akuya, abin ya zagaye gari. Yaran da ban san iyayensu ba sai su tsayar da babur su ce, "Baba, kai ne ka yi tirendin ko?" Ranar Juma'a na daure na shiga Kara, don in na ƙi zuwa an ce na gudu. Wanzaman bakin ƙofa suna hango ni suka miƙe gaba ɗaya suna wasa aska a tafin hannu. Babbansu ya ce, "Ranka ya daɗe, a jiƙa ko a bushe?" Har Fulanin da suka kawo shanu daga nesa sun san zancen. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba na wuce. Gemun ban bari an taɓa ba. Malamin unguwarmu ya ce in yi kaffara, na yi azumi uku, ya ce in kuma daina rantsuwa a kan zuciyar wani.

Na je ofishin tsohuwar jam'iyyarmu, ko ba komai a can na tsufa. Shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma bai ko ce in zauna ba. Ya ce, "Abu biyu ne. Ko ka sani ka yi mana rantsuwar ƙarya don mu saki jiki, ko kuma ba ka sani ba, ashe duk shekarun nan kai ba kowa ba ne a wurinsa. Wanne ne?" Na juya na fita.

Duk da haka ban cire rai ba. Na ce a raina abu ne ya zo wa Onarabul da gaggawa, zai kira ni ya yi min bayani, mu yi dariya, in koma rediyo in ce ai inda maigida ya sa ƙafa nan muke sawa. Wasu sun yi haka sun zauna lafiya. Da ya dawo daga birni na tafi gidansa da sassafe kamar kullum. Ƙofar cike da sababbin fuskoki, mutanen da jiya-jiya nake zagi. Mai gadi ya tare ni da hannu, yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Baba, bari in tambaya tukuna."

Na ce, "Ka tambayi wa? Ni?"

Ya shiga ya daɗe. Sakataren Onarabul ne ya fito, ya ja ni gefe, ya ce, "Onarabul yana gaishe ka. Ya ce yanzu tsari ya canza, duk wanda zai shiga sai mai katin jam'iyya. Ka je mazaɓarka ka yanka, sai ka dawo."

A siyasa kati a mazaɓa ake yankarsa, a hannun shugaban jam'iyya na mazaɓa, ko kai wane ne. Shi kansa Onarabul haka ya yi. Shugaban mazaɓarmu kuwa Yaya ne.

Sati biyu ina juya abin. Rannan da hantsi na sa riga, na fita ta zaure, na bi layi, na zagaya ta bayan gida, na tsallake kwata, na yi sallama a ƙofar da aka fasa saboda ni. Tafiyar da in ta cikin gida ce taku biyar ce. Yaya yana zaune a tabarma a gindin bishiyar darbejiya yana gyara carbi da ya tsinke. Ya tsufa fiye da yadda nake hangensa daga nesa.

Na durƙusa. "Yaya, barka da hantsi."

"Barka kadai."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya iyali?"

Ya ce, "Iyalin da kake jin tarinsu ta katanga? Lafiya lau suke."

Shi ya taimake ni. Ya ce, "Kati ka zo yanka."

"E, Yaya."

Ya kira a miƙo masa jaka daga ɗaki, ya fito da rajista, ya rubuta sunana da na mahaifinmu da hannunsa, bai tambaye ni komai ba. Ya sa hannu ya miƙo min. Na karɓa da hannu biyu ina godiya, zan miƙe ya ce in zauna.

Ya ce, "Shi ya ce ka zo?"

"Sakatarensa ya faɗa min."

Ya ci gaba da zura 'ya'yan carbi a zare. Ya ce, "Ranar da muka zauna da shi kafin a karɓe shi, dattawa sun tambaye shi, sojan bakinka fa, da shi za ka zo? Ni na fara magana. Na ce ƙanina ne, abin da ya yi min tsakanina da shi ne, in ya zo ni zan karɓe shi. Ka san me maigidanka ya ce?"

Na girgiza kai.

"Ya ce, wannan ai ban taɓa aikensa ba. Bakinsa ne ya fi ƙarfinsa. Ya ce kar mu damu, ba zai kawo mana kai ba."

Na ce, "To me ya sa ya ce in zo in yanki kati?"

Ya dube ni a karo na farko. Ya ce, "Don ya ɗauka ba za ka iya tsallako kwatar nan ba."

Na zauna da kati a hannu. Can na ce, "Yaya, maganar taki..."

Ya ɗaga hannu. "Kati haƙƙinka ne, na ba ka. Waccan maganar kuwa ba ni kaɗai ka tona ba, har da wanda ya sayar da bijiminsa. In kun haɗu ka roƙe shi." Ya ce a gaida mutanen gida. Na fito ta inda na shiga.

Kowa zai ce daga nan sai in haƙura. Ban haƙura ba. Na kai katin ƙofar Onarabul na nuna wa mai gadi, ya ce a jira. Na zauna a bencin waje tare da masu neman taimakon asibiti da masu takardar neman aiki. Safiya uku ina zuwa. A ta uku aka buɗe ƙofa motarsa ta fito a hankali, gilashin baya a sauke rabi. A kujerar bayan direba na ga siririn nan mai haƙorin azurfa. Shi dai ya ɗaga min hannu, don Allah ya sani ba mugu ba ne. Onarabul yana duba waya.

Daga baya aka gaya min abin da yake faɗa in an tambaye shi ni. Wai ni na fara, na kira shi wanda ba ɗan halak ba a rediyo duniya tana ji.

Na koma Kara. Amma dillanci da yarda ake yinsa. In na ce wa mai saye wallahi saniyar nan lafiyarta ƙalau, sai ya yi murmushi ya ce, "Irin wallahin Onarabul?" Wasa ne, amma sai ya wuce wajen wani dillalin. Majalisar da nake zama bayan la'asar ta rabu biyu, 'yan tsohuwa suna ganina maci amana, 'yan sabuwa in na zo sai a canza hira. Na daina zuwa. Abincina a zaure nake ci ni kaɗai, in na gama in miƙa kwanon ciki.

Onarabul kuwa an yi masa alkawarin takara a sabon gidan, shi ya sa ya tafi. Da zaɓen fid da gwani ya zo, wakilai suka ce ba za su bar ɗan gida su ɗauki baƙo ba. Ya faɗi. Tsohuwar jam'iyya ta riga ta tsayar da wani. Wa'adinsa ya ƙare, aka karɓe lambar mota, 'yan sanda biyun da ke ƙofa suka tafi. Ban yi murna ba, ban kuma yi baƙin ciki ba. Na dai ji.

Matata ce ta matsa min. Ta ce, "Malam, faɗuwa ai kamar rashi ce, ana zuwa jaje. Ka je ka sauke nauyi." Na bari sai da kowa ya gama zuwa, sannan wata Laraba bayan la'asar na tafi. Ƙofa a buɗe, mai gadi ya tafi salla ko ya bar aikin, ban sani ba. Na yi sallama har falon ciki. Yana zaune shi kaɗai da 'yar shara, ƙafafunsa sun kumbura, ga magungunan suga a kan tebur.

Ya ce, "Mutumina."

Ba zan ɓoye ba, da ya faɗi haka sai da na ji daɗi. Na yi masa jaje, ya ce haka Allah ya so. Ya tambayi wasu 'yan ajinmu, na gaya masa waɗanda suka mutu. Sannan na yi tambayar da na zo da ita.

Na ce, "Ranar Litinin ɗin nan, ka riga ka rubuta wasiƙar?"

Ya ce, "Tun Asabar."

"Me ya hana ka ce min in bar ƙofa? Kalma ɗaya ce."

Ya ce, "Da sun ji ƙofa a maganarka da sun gane. Da sun riga ni, su kore ni kafin in fita da kaina, su turo yara su ƙona gidan nan. Kwana ɗaya nake buƙata su saki jiki. Duk cikin mutanena ba wanda za a yarda da rantsuwarsa sai kai. Kuma na san in ban ce komai ba za ka rantse."

Na ce, "Ka sani."

"Na sani."

Ban zage shi ba. Ni da na zagi mutanen da ba su yi min komai ba saboda shi, na zauna a gabansa bakina ya ƙi buɗuwa. Da na miƙe zan tafi ya rako ni har bakin falo yana dafa bango. Ya ce, "Ka riƙa leƙowa mana. Gidan ya yi min girma. Yanzu ba mai hana ka shiga."

Na ce, "To."

Ban koma ba. Bayan wata guda ya aiko direbansa na da ya ce yana nemana, na ce a ce masa ina zazzaɓi. Da azumi ya sake aikowa, na ce na ji. Tun daga nan shiru, ga wani azumin har ya kusa. Matata ta ce girman kai ne, wataƙila gaskiyarta ce. Ni dai abin da na sani, in ina zaune a zaure na ji mota ta rage gudu a bakin layinmu, sai na tsinci kaina na daina tauna ina saurare. Aike na uku nake jira, kuma har yanzu ban san abin da zan ce wa ɗan aiken ba.